Ranar da Malam Ya Tashi Direban Jirgin Sama Daga Barci

Ni dai tun farko ban so a tafi da Malam ba. Na faɗa a gida, na faɗa a waya, na faɗa wa duk wanda ya shigo yi mana murna. Amma wa ke jin maganata? Fiddausi ta ce, "Haba Mama, Baba ma ai yana son ganin jikansa." To, ga shi nan ya gani, ni kuwa saura ƙiris ban gani ba.

Fiddausi ita ce autata. Tana Kanada da mijinta Musaddiq, can aiki ya kai shi. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Da a nan Jos take, da tun cikin ya tsufa na je na ɗauko ta na kawo ta gidanmu na unguwar Congo-Russia, in dafa mata ruwan wanka, in dama mata kunun kanwa, in karɓi jaririn ta samu ta runtsa. To ba hali, sai aka ce ni in je. Aka yi ta fama da takardu har biza ta fito, kafin ranar tafiyarmu ta zo kuma yaron ya yi gaggawa ya iso. Ta haihu cikin baƙi, aka sallame ta ta koma gida, ba uwa, ba ƙanwar uwa, ba ko maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Musaddiq kuwa kullum yana wurin aiki. In na kira ta sai ta ce lafiya lau. Ni na haife ta, na san muryar wadda ta gama kuka ta wanke fuska. Ba kallon ƙasar Turawa zan je ba, 'yata zan je in kama.

Malam Uzairu, mijina, tsohon direba ne. Ya ja babbar mota daga Jos zuwa Legas, zuwa Anacha, tun yana saurayi har gwiwa ta ce masa ya isa haka. Bai taɓa faɗuwa da mota ba, kuma in ka zauna da shi sai ka ji wannan labari ko kana so ko ba ka so. Yana da doka guda da yake riƙe da ita kamar farilla: direba ba ya barci mota na tafiya, kuma ba a barin direba shi kaɗai. Wanda ya zauna gaba, aikinsa hira. In ka ga idon direba ya soma lumshewa, ka ɓara goro ka ba shi. In goro bai yi ba, ka watsa masa ruwa a fuska, kwa yi faɗan daga baya. Haka ake yi a tasha, haka ya taso. Har yau in muka shiga bas ɗin Bukuru, gaba yake zama ya zuba wa ɗan mutane ido, a tafiyar da ba ta kai ta cinye malmalar tuwo ba. Direbobi in sun hango shi tafe sai su ce gaba da mutum.

Fiddausi ta san halin ubanta, shi ya sa ta kira ana gobe za mu tashi.

"Baba, don Allah, a jirgi ba a gardama. Duk abin da suka ce ku yi, ku yi. Nan ƙasar in mutum ya ta da hankali a jirgi, daga filin jirgin ake juya shi gida, ko ƙofar waje ba zai gani ba."

"Ni kike koya wa tafiya?" in ji Malam. "Ina kan hanya aka zo aka ce mini an haife ki."

Ni dai gabana ya faɗi tun daga nan.

Ba mu kaɗai muka tafi ba. Maƙwabcinmu Alphonsus, mai sayar da katako a kasuwar Katako, ɗansa Ifechukwu yana gari ɗaya da su Fiddausi. Yaran suka haɗa baki suka sa mu a jirgi ɗaya, tunda Alphonsus yana jin Turanci kuma ya sha zuwa Chana sayo kaya. A Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai bai iya raba mace da namiji a magana ba, ni da Malam duk "kai" ne a wurinsa. Matarsa Nkoli kuwa tela ce, ita ta ɗinka mana kayan tafiya kyauta. Atamfa ruwan lemo mai manya-manyan kifaye kore, ni riga da zani da ɗankwali, Malam riga da wando.

"Filin jirgi babba ne," ta ce. "In ɗaya ya ɓata, ɗaya ya nuna jikinsa ya ce wa ya ga irin wannan."

Malam ya yi gunaguni wai namiji da furfura ba ya sa atamfa. Amma Nkoli ba macen da ake mayar wa kyauta ba ce. Ya sa.

Jirgin farko daga Abuja bai ba mu wahala ba, don tsoro ya ɗinke wa Malam baki. Da jirgin ya ɗaga, hannuna ya damƙe har zobena ya shige nama. Sau ɗaya ya yi magana, ya tambayi Alphonsus ina direban yake zama.

"Yana gaba, a kulle."

"A kulle? Shi kaɗai?"

"Su biyu ne, Oga Direba."

"To madalla," in ji Malam. "Yana da yaron mota."

Muka sauka wani garin Turawa muka sauya jirgi. A nan ne na hau bene mai tafiya da kansa, ban so ba, ba na kuma son a tuna mini. Jirgi na biyu shi ne na doguwar tafiya, ƙato, mutum ya tsaya a wannan ƙarshen ba zai gane ɗan'uwansa a wancan ba. A bakin ƙofa muka tarar da matuƙin yana magana da ma'aikata. Dattijon Bature ne dogo, kai fari fat, da hula da ratsi-ratsi a kafaɗa. Malam ya ajiye jakarsa a tsakiyar hanya ya miƙa masa hannu biyu, direba da direba. Baturen ya yi dariya ya karɓa.

"Wannan ya san hanya," Malam ya ce mini. "Dubi furfurarsa. Yanzu hankalina ya kwanta."

Kujerunmu suna layin farko bayan wani labule da ya raba mu da masu hannu da shuni. Alphonsus ya ɗauki taga, ni a tsakiya, Malam a bakin hanya saboda gwiwarsa.

Da rana muka tashi, muka yi ta tafiya, rana ta ƙi gusawa. Azahar ta ƙi zama la'asar. Malam ya leƙa taga ya duba agogo, ya sake leƙawa, ya ce shi dai bai yarda muna tafiya ba. Aka kawo abinci a faranti, komai ɗan mitsitsi a cikin robarsa, da wani ɗanyen ganye da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na ci burodin na sha shayi. Na shiga banɗaki na danna wani abu, ya yi wata ƙara kamar zai zuƙe ni, na fito da salati riƙe da zanina. Ana nan sai ma'aikatan suka bi suka rufe tagogi, suka kashe fitilu, suka raba barguna. Rana tsaka! Wai kowa ya kwanta, kamar yaran raino. Alphonsus bai yi gardama ba, ya ja bargo har ka ya hau minshari.

Ni ma na fara gyangyaɗi ke nan sai na ji ana zungurina.

"Suwaiba. Suwaiba, tashi ki gani."

Labulen nan bai rufu duka ba. Ta tsagar na hango dattijon nan mai furfura, matuƙin da Malam ya gaisa da shi. Ya fito daga gaba yana miƙa, yana hamma. Ya zauna a wata kujera da aka keɓe, ya cire takalma, ya danna kujerar ta miƙe ta zama gado. Ya toshe kunnuwa, ya ɗaure idonsa da wani baƙin ƙyalle, ya ja bargo. Ya kwanta abinsa, kamar a ɗakin matarsa.

"Innalillahi," in ji Malam. "Direba ne fa."

"Na gani."

"To wa ke jan motar?"

Ya miƙa hannu ta kaina ya girgiza Alphonsus. Alphonsus ya leƙo daga bargo da ido ɗaya.

"Oga Direba, bari mutum ya yi barci mana. Su uku ne. Wannan ya gaji ya zo hutawa, biyu suna can."

"Ɗazu ka ce biyu ne."

"Wancan jirgi biyu, wannan jirgi uku. Haka dokarsu. Kuma ma jirgi yana tuƙa kansa."

Wallahi da na san abin da zai faɗa ke nan, da na cusa masa bargon a baki.

"Yana tuƙa kansa," Malam ya maimaita a hankali. "Wato oga ya kwanta, ya bar wa yara. Alphonsus, ni za ka gaya wa yaran mota? Na raini sun fi a ƙirga. Oga na rufe ido, ɗaya zai ɗora ƙafa a kan sitiyari, ɗaya ya ciro waya. Kafin ka ce me, su ma sun bi shi. Ga fitila a kashe, ga sanyi, ga ƙugin inji. Ko aljani ne sai ya yi barci."

Na damƙo gefen rigarsa, daidai wutsiyar wani kifi.

"Malam, ka tuna abin da Fiddausi ta ce. Ka ji tsoron Allah ka zauna. Mutanen nan sun san aikinsu."

"Kowa ma haka yake cewa."

"Na roƙe ka. Yarinyar nan ita kaɗai ce a can."

Ya zauna. Haƙiƙa ya zauna, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya ciro goro daga aljihu ya riƙe a hannu yana juya shi, idonsa na kan labule. Da an ƙyale mu haka, da wataƙila mun isa lafiya.

Sai jirgin ya yi girgiza. Ba wata babba ba ce, daga baya Alphonsus ya ce iska ce kawai. Amma ya yi ƙasa da mu, ya dawo, ya sake yi, kofuna suka yi ƙara, wata fitila ta kama ta ce kowa ya ɗaura bel. Sai ka ce muna gangaren Hawan Kibo ba birki.

"Kin ji ko?" in ji Malam. "Ya sauka daga kwalta."

Na rufe ido na kama addu'a. Ban fi ƙarasa Fatiha ba na buɗe. Kujerarsa wayam.

Na kwance bel na leƙa labule. Yana tsaye a kan Baturen nan, cikin rigar kifayensa, ya duƙa. Kuma bai yi garaje ba, bi da bi ya bi ƙa'idar tasha. Ya fara bubbuga masa gwiwa yana cewa, "Direba. Oga. Oga direba." Mutumin kunne a toshe, ko motsi. Ya ɓara goro ya kai masa saitin baki. Baturen ya ture da hannu cikin barci ya juya. Sai na ga Malam ya waiga yana neman abu. Na san abin da yake nema. Kafin in kai gare shi ya samu. Akwai kofin ruwa a kan teburin wata Baturiya da ke gefe, har da ƙanƙara a ciki. Ya ɗauka, ya yi bisimilla, ya watsa.

Ban taɓa sanin tsoho zai iya tsalle haka ba. Baturen ya zabura da ƙyalle a ido, bargo ya naɗe masa ƙafa, yana ihu da yarensu. Baturiya mai kofi ita ma ta sa ihu. Fitilu suka kama. Ma'aikata suka yo kanmu daga gaba da baya, har da wani ƙato da ban san inda aka ɓoye shi ba tun da muka shigo. Malam kuwa ko a jikinsa, yana miƙa wa matuƙin goro yana nuna masa gaba da ɗaya hannun.

"Tauna wannan ka koma bakin aikinka. In mun isa ka yi barcinka har gobe."

Aka taso Alphonsus ya yi tafinta, ya zo da bargo a kafaɗa. Suka ce a tambaye shi me yake nufi.

"Gaya musu," in ji Malam, "in mutumin nan bai koma mazauninsa ba, duk cikinmu ba mai sauka da rai."

Na mintsini Alphonsus a hannu da dukkan ƙarfina. Amma mutumin nan, wanda a Katako zai rantse maka katakon jiya ya shekara yana bushewa, ranar nan ce gaskiya ta kama shi. Ya fassara musu tsaf, bai rage ko harafi ba. Na ga fuskokinsu sun sauya gaba ɗaya.

Ƙaton nan ya kama Malam ta kafaɗa, aka wuce da shi can ƙarshen jirgi, aka zaunar da shi a lungu, ƙaton ya toshe hanya da jikinsa. Mutane suna ta ɗaga waya suna ɗauka. Ni na koma kujerata. Wata ma'aikaciya ta zo ta tsuguna a gabana ta yi tambaya. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na gane tana tambaya ko mijina ne.

Na ce a'a.

Ta dubi kifin da ke ɗankwalina. Ta dubi na zanina. Ta waiga can baya inda wani kifin ke leƙowa ta bayan ƙato. Na sake cewa a'a, na kau da kai. Kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi. A lokacin nan ba na ganin kowa a duniya sai Fiddausi, da a ce za a maimaita, haka zan sake faɗa.

Sauran tafiyar kuka na yi ta yi a cikin bargo. Aka sake kawo abinci na kasa ci. Alphonsus ya ce, "Madam, kada ka damu, Allah yana nan," ya jawo farantina ya haɗa da nasa.

Da jirgi ya sauka, wasu suka tafa. Kafin kowa ya miƙe aka yi sanarwa a zauna. 'Yan sanda biyu suka shigo, suka wuce ta gabana, suka dawo da Malam a tsakiyarsu. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Suka tsaya daidai kaina. Ma'aikaciyar nan ta nuna ni, ta nuna Alphonsus. Haka muka fita mu uku, jama'ar jirgi guda na kallonmu, kifaye a gaba kifaye a baya.

Aka kai mu wani ɗaki fari mai tebur ɗaya. Wata jami'ar shige da fice ce a zaune, mace mai ƙiba da tabarau, fasfo ɗinmu a gabanta. Ta yi magana mai tsawo ba ta ɗaga murya ba, irin maganar da ta fi tsawa ban tsoro. Alphonsus ya goge zufa, duk da sanyin ɗakin.

"Ya ce taɓa matuƙin jirgi babban laifi ne a nan. Ya ce zai iya hana shiga ƙasa, a sa mutum a jirgi na gaba a mayar da shi."

"Har ita?" Malam ya tambaya.

Alphonsus ya tambaya, matar ta ɗaga kafaɗa.

"Ya ce tare kuka zo, gayyata ɗaya. Yana dubawa."

Na dubi Malam da niyyar in cinye shi ɗanye. Sai na ga ya cire hula ya riƙe a hannu. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba. Ya gyara murya.

"Alphonsus, gaya mata ban san wannan matar ba."

"Eh?"

"Ban san ta ba. A jirgi na gan ta."

"Oga Direba, dubi rigarka."

"Atamfa ce, kowa na saye a kasuwa. Gaya mata ni kaɗai na yi laifina, ni za a mayar. Wannan baiwar Allah a bar ta ta wuce, 'yarta ta haihu tana jiranta."

"In ba ka san shi ba, ina ka san 'yarsa ya haihu?"

"Kai dai fassara!"

Abin da nake so ke nan fa. Abin da na faɗa da bakina ke nan a cikin jirgi. Da na yi shiru, wa ya sani, da wataƙila an buga mini hatimi na wuce. Amma jin maganar daga bakinsa sai ta soke ni a ƙirji. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wa ba ka sani ba? Ni? Ni Suwaiba ce ba ka sani ba, Malam? Wa ya yi ta wanke maka kaya masu baƙin mai har hannuna ya tsage? Wa ke zaman jiranka kana Legas, ba waya ba labari? Wa ke shafa maka man zafi a gwiwar nan? Yau a gaban Turawa za ka ce a jirgi ka gan ni?"

"Suwaiba, yi shiru mana, dabara nake yi."

"Dabararka ce ta kawo mu nan!"

Na juya kan matar. Ban jira Alphonsus ba, da Hausa na yi mata, da hannu da ƙafa. Na nuna Malam na buga ƙirjina, nawa ne, tsohon rigimamme ne amma nawa ne. Na kama sitiyari a iska na nuna mata aikinsa, na lumshe ido na langaɓe kai, na watsa wa kaina ruwa. Na nuna ƙofa, na yi ciki da hannuna, na rungume jariri ina jijjigawa. A nan hawaye suka ƙwace mini, na kasa ci gaba. Alphonsus yana bina a baya da Turanci yana haki, ban san me ya ƙara ba, na dai ji ya ambaci Legas da goro.

Matar ta cire tabarau ta rufe bakinta da hannu. Kafaɗunta suna motsi. Ta tashi ta fita, ta bar mu muna harare-harare.

Da ta dawo, tare da matuƙin ta dawo. Ya sauya riga, yana jan 'yar jakarsa. Ashe shi ya ce yana son ganin mutumin da ya yi masa wanka. Aka zauna, Alphonsus ya sake zayyano masa komai, yadda ake yi a tasha, da yadda Malam ya tsufa a kan hanya. Baturen yana saurare yana gyaɗa kai. Sannan matar ta ce Malam ya ba da haƙuri.

"Ruwan dai a yi haƙuri," in ji Malam. "Ban san da ƙanƙara a ciki ba. Amma tashin da na yi masa..."

Na taka masa ƙafa, mai ciwon.

"Har tashin ma a yi haƙuri."

Baturen ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce shi ba zai kai ƙara ba. Ya ce a gaya wa Malam hutun nan dole ne a aikinsu, wanda ya ƙi kwanciya ma shi ne mai laifi, kuma bayan wankan ƙanƙara bai ƙara runtsawa ba, don haka ba shi ya sauke jirgin ba. Ɗaya daga cikin yaran ne, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Fiddausi ba.

"Mace?" in ji Malam. Ya mayar da hularsa ka. "To, gaskiya ta iya birki."

Matar ta ja masa kunne sosai, ta ce in ya sake ko tari ne mai ƙarfi a jirgin komawa, ba shi ba ƙasarsu har abada. Sannan ta buga hatimi. Ƙarar hatimin nan ta fi mini duk wani kiɗa da na taɓa ji daɗi.

Kafin mu fito, jakunkunanmu kaɗai suka rage suna ta zagaye a kan bel ɗin kaya. Muka tura su zuwa wata ƙofar gilashi da ta buɗe da kanta. Ifechukwu ya taho da gudu ya rungume ubansa. Alphonsus ya waigo ya ɗaga mana yatsa.

"Oga Direba, ranar komawa, kowa da jirginsa."

Sai ga Musaddiq, ya duƙa yana gaishe mu, fuskarsa duk damuwa don mutanen jirginmu sun daɗe da watsewa. Ina amsawa ina cewa ya yi sauri ya kai ni gida wurin yarinyar nan, sai na hango wata a bayansa cikin ƙatuwar rigar sanyi, ta rungume wani abu a ƙirji. Sai da ta ce "Mama" na gane ta. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Raina ya ɓaci nan take.

"Fiddausi! Me kike yi a nan? Mai jego a waje? Ko suna ba a yi ba, kin ɗauko jariri ɗanye kin fito cikin wannan sanyi? Kai Musaddiq, haka ake yi a garinku? Ina ɗankwalinki? Wa ya ce ki..."

"Na kasa zama, Mama. Da aka ce kowa ya fito ban da ku, na zaci an mayar da ku."

Malam ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran igiyar jaka da ba abin da ya same ta.

Ta buɗe rigar ta nuna mini shi. Ɗan mitsitsi, ja, ya dunƙule hannu a gefen kunne. Na kai hanci wuyansa na shinshina, kamar yadda ake yi. Na ɗago na dube ta. Ta matso daf da ni yadda mijinta ba zai ji ba.

"Mama, tun da muka baro asibiti ban sa shi a ruwa ba. Tsoro nake ji ya suɓuce mini. Da tsumma nake goge shi. In ya yi kuka ban san me yake so ba, sai in zauna ni ma in yi ta yi."

Nan take na manta da duk faɗan da na tanado. Na karɓe shi na kwantar a kafaɗata, na jawo kanta da ɗaya hannun na kwantar a ɗayar. Ta saki jiki gaba ɗaya ta fashe da kuka a tsakiyar filin jirgin, mutane na ratsa mu da jakunkuna.

"Ya isa," na ce mata. "Daina. Ai na zo."